Shi Ya Sha Feshi, Ni Na Sha Magani

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya bar ni da rai har na iya zama na rubuta wannan. Sunana Habiba. A Lafia aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a nan kuma aka sake ni. Tausayi dai na ƙoshi da shi, kada kowa ya ƙaro mini. Na rubuta ne saboda matan da mazajensu ke sana'ar maganin feshi, da su kansu mazan in sun ga dama su saurara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tsohon mijina, wanda zan kira Sule ko da yake ba sunansa ba ne, yana da shagon maganin gona a kasuwa. Maganin ciyawa, maganin ƙwari, wanda ake zuba wa wake kada ya yi ƙwaro, duk yana sayarwa. Yawancin manoman da ke zuwa wurinsa ba sa iya sayen jarka guda, don haka sai ya riƙa auna musu a robobin ruwa. Yadda yake awon nan kuwa irin na 'yan bumburutu ne: ya zura tiyo a jarka, ya zuƙa da baki, in maganin ya taso ya tofar, ya juya tiyon cikin roba. Da damina kuma yakan karɓi kwangilar feshi a gonakin doya da riɗi na wajen Kwandere da Agyaragu. Tankin da yake goyawa ya daɗe yana yoyo, maganin ya bi gadon bayansa ya jiƙe masa wando sharkaf, a haka zai wuni cikin rana. In ya dawo sai ya fasa gwangwanin madara ya shanye, in babu madara ya lashi manja. Duk masu feshi haka suke yi, wai madara tana kashe dafi. Da na ce masa warin kayansa yana sa ni ciwon kai, dariya ya yi ya ce warin kuɗi ne.

Muna shekara ta biyu da aure ban yi ko ɓatan wata ba, sai Inna, mahaifiyarsa, ta fara ƙirga mini watanni a bainar jama'a. Gida ɗaya muke da ita, ɗakinta na kallon nawa. Na je babban asibiti da kaina, na yanki kati, na bi layi tun safe har azahar. Wata likita mace ta duba ni, aka yi mini hoto da gwajin jini. Da na koma ta ce, "Mahaifarki lafiya ƙalau take. Ki zo mini da maigidanki mu duba shi."

Na dawo gida da murnata na faɗa wa Sule. Yana cin sakwara, ya tsame hannu daga kwanon.

"Ni za a duba? Me kika ga na rasa?"

"Ba ni na ce ba, likita ce ta ce."

"To ki koma ki ce mata ni namiji ne."

Inna da ke jin mu ta labule ta ɗora nata. Ta ce ubansa ya cika gida da 'ya'ya, kakansa ma haka, a zuriyarsu ba a taɓa yin namiji marar haihuwa ba, kuma waɗannan likitocin yara ne da ba su san komai ba sai Turanci. Daga ranar ta karɓi jinyata a hannunta. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Ta fara kai ni wurin wata tsohuwa mai maganin mata a Ashige. Na sha jiƙe-jiƙen da ɗacinsu ke sa hawaye, na tsuguna a kan hayaƙi har cinyoyina suka yi baƙi, na yi matsi da abubuwan da ban san sunansu ba. Duk wata in al'adata ta zo, Inna ce ke fara sani, don tana lura da shanyata. Sai ta tsaya tsakar gida ta ce, "Yau ma an zubar." 'Yan kunnena na aure a nan suka tafi, keken ɗinkina ya bi bayansu.

Da ta ga shiru, sai wata ƙawarta ta ba ta labarin wani mai kemis da ke wankin mahaifa a ɗakin bayan shagonsa. Wai datti ne ke taruwa a cikin mace ya hana ciki zama, in aka kankare shi shi ke nan. Ban so ba, Allah ya sani. Amma matar da ake kira juya a gaban yara ba ta da bakin cewa a'a. Ya kwantar da ni a kan benci mai shimfiɗar leda, ya yi mini allura ɗaya da ba ta hana ni jin komai ba, ya shiga da ƙarfe. Inna na bakin ƙofa tana ce mini in yi haƙuri, haihuwa ta fi wannan zafi. Bayan wasu watanni aka sake maimaitawa, don an ce na farkon bai fita duka ba. A karo na biyu na kwanta zazzaɓi mai tsanani, mara kamar ana hura wuta, ruwa mai wari yana fita. Da na tashi, al'adata ta koma ɗan ɗigo na yini ɗaya. Inna ta ce alhamdu lillahi, dattin ne ya ƙare.

A duk tsawon shekarun nan ina ganin abubuwa a jikin Sule da ban faɗa wa kowa ba. Zan faɗe su yanzu, don kunyar da na ji a lokacin ba ta amfane ni da komai ba. Sha'awarsa ta ja baya sosai, sai a yi wata bai neme ni ba. 'Ya'yan marainansa sun ƙanƙance, sun yi laushi. Ƙirjinsa ya ɗan tasa kamar na yarinya mai tasowa, har ya daina cire riga a tsakar gida. Cinyoyinsa kullum cikin ƙuraje da ƙaiƙayi. Ni a zatona gajiyar gona ce, shi kuma yana ta sayen maganin ƙarfin maza a wurin masu tallar mota.

A daminar shekararmu ta tara ciwo ya kayar da shi. Ya yi feshin wata babbar gonar shinkafa kwana da kwanaki, ranar ƙarshe abokan aikinsa suka kawo shi a keke napep, yana amai, yawu na dalala, jiki na rawa, ido ya yi ja. Sun riga sun ɗura masa madara har gwangwani biyu a hanya, duk ya amayar. Muka wuce asibiti. Kafin a nemo katinsa, kafin a sami gado, kafin in zagaya kemis uku neman allurar da aka rubuta don ta asibitin ta ƙare, na ɗauka a kan benci zai cika. Da aka cire masa wando, fatar bayansa da ta tsakanin cinyoyinsa ta saluɓe kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa.

Makon farko bai san inda kansa yake ba. Ana ta ƙarin ruwa, ni ke juya shi, ni ke zubar da fo, ni ke kore masa ƙuda daga gyambon. A kan tabarma nake kwana a ƙarƙashin gadonsa. Inna takan zo da rana da kunu a fulas, ta zauna ta yi kuka, ta gaya wa masu jinyar gadon kusa cewa ɗanta zai mutu bai bar baya ba saboda an haɗa shi da juya. Wata mata 'yar ƙabilar Tibi da ke jinyar mijinta kusa da mu, wadda ko sunanta ban riƙe ba, ita ce ke raba doyarta biyu ta miƙo mini in Inna ta tafi. Allah ya saka mata.

A mako na biyu ya fara zama, yana shan koko. Akwai wata nas 'yar ƙabilar Eggon, Sista Rahila, mai faɗa kamar me, amma hannunta da sauƙi wurin wankin gyambo. Wata rana tana wanke masa cinya ta dakata, ta dube shi da kyau, sannan ta jawo ni baranda.

"Madam, kai ne matan shi?"

Na ce ni ce.

"Yara nawa kuna da shi?"

Na ce babu, shekara tara.

"Shi ya taɓa yin tes?"

Na girgiza kai. Ta ce, "Kai kawai ne ana ba ka magani, ko? Kai, mata suna shan wahala. Bari zan gaya ma dokta."

Likitan wani dogo ne mai magana a hankali. Ya tambayi Sule shekara nawa yana wannan sana'a, yana sa safar hannu, yana rufe hanci, yana canza kaya. Duk amsar a'a ce. Da ya ji labarin tiyo sai ya ajiye bironsa. Da aka zo kan madara ya ce madara abinci ce, ba ta kashe dafin komai. Ya ce in an sallame shi yana so a gwada maniyyinsa. Sule ya so ya yi gardama, amma mutumin da ya ga kabari da idonsa bakinsa yakan mutu na ɗan lokaci. Bayan sallama da 'yan makonni muka koma, aka ba shi 'yar kwalba, ya karɓa yana waige-waige kamar ɓarawon akuya. Likita ya sa aka maimaita gwajin bayan wani lokaci don a tabbatar.

Ranar da muka je jin sakamako, likita ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce ƙwayoyin haihuwar da aka gani 'yan kaɗan ne ƙwarai, waɗanda aka ganin ma yawancinsu ba sa motsi. Ya yi mana bayani da Hausa yadda za mu gane. A cikin 'ya'yan maraina akwai ƙananan ƙwayoyi masu aiki, wasu suna haɗa sinadarin da ke mai da namiji namiji, wasu suna renon iri har ya nuna. Duk suna aiki ne da saƙon da jini ke kawo musu, shi ya kira saƙon homon, kalmar da ta zauna mini a kai har yau. Ya ce wasu magungunan feshi da na masana'antu in sun shiga jiki ta fata ko ta baki ko ta numfashi, sai su yi shigar wannan saƙo su ba da umarnin ƙarya, ko su tare na gaskiyar, ko su kashe ƙwayoyin a hankali. Fatar wurin kuma siririya ce, tana shan magani fiye da ta hannu.

"Ba zan rantse maka cewa maganin kaɗai ne sanadi ba," in ji shi. "Amma shekara da shekaru kana jiƙa wurin nan da shi. Ka bar shi gaba ɗaya, ka sha abin da zan rubuta, bayan wata uku mu sake gwadawa. Wasu suna farfaɗowa, wasu ba sa yi."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Shekara da shekaru ana kirana da sunan da ba nawa ba, yau ga mai farar riga ya wanke ni.

Muna fitowa Sule ya ja ni gindin mangwaron da ke harabar asibitin. Ya yayyaga takardar ya watsa a kwata, sannan ya durƙusa, a gaban masu sayar da lemo da ayaba, ya kama gefen zanena.

"Habiba, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. In maganar nan ta fita ba zan iya shiga kasuwa ba. Wata uku kawai. In na warke kika samu ciki, ai bakin kowa ya mutu."

Na tausaya masa. Na ce a raina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi masa alkawari.

Na shiga sabuwar jinya, wannan karon a ɓoye. Magungunansa a ƙasan akwatina nake ajiye su, in ba shi in Inna ta fita unguwa. Na kwashe jarkokin maganin da yake tarawa a ƙarƙashin gadonmu, na zubar da tsofaffin da muke zuba ruwan sha a ciki. Kuɗin magani ya ci jarin shago, sai na koma wurin yayana, Yaya Musa, na ce masa ni ce za a yi wa aiki. Ya sayar da buhunan riɗinsa ya ba ni, bai tambaye ni komai ba. Ina dafa wa Sule kifi da ganye, ina hana shi matsattsen wando kamar yadda likita ya ce. A lokaci guda kuma ina shan wani sabon jiƙon da Inna ta samo, a gabanta, shi yana zaune yana kallo. Ko sau ɗaya bai ce mata ta bari ba.

Wata ɗaya da rabi ya daure. Da lokacin feshin wake ya zo, manoma suka fara sallama a ƙofar gida, sai ya ce zai je ya duba shago kawai. Da yamma ya dawo da warin nan a rigarsa. Na yi magana, ya ce da me za mu ci, da homon? Na sayo masa safar hannu da takunkumi, ya ce in ya sa su manoma za su ɗauka maganinsa guba ne su gudu. Da wata uku suka cika na tuna masa komawa asibiti, ya ce likitan nan bakinsa ba alheri. Bai sake taka wurin ba.

Abin da ya ƙure ni ya faru ne a sunan ɗan ƙaninsa. Gida cike da mata, ana ta miƙa jariri hannu zuwa hannu. Da ya zo kaina na miƙa hannu, sai Inna ta tsallako ta ɗauke shi.

"A'a, ba a ba juya ɗan kwana bakwai. Hannunta da nauyi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na tashi na shiga ɗaki. Da Sule ya shigo na ce masa, "Ko ka gaya wa Inna gaskiya da bakinka, ko ni in gaya mata. Na ba ka zuwa Juma'a."

Ranar Alhamis da safe ya miƙo mini takardar saki, ya kuma riga ya zagaya wurin kawunnansa da limamin unguwa ya ce ya yi haƙuri shekara goma, ya gaji da zama da macen da ba ta haihuwa. A nan na gane wayonsa. Duk abin da zan faɗa daga ranar, maganar sakakkiya ce mai jin haushi. Na faɗa kuwa, a tsakar gidan, da ƙarfi. Inna ta tafa hannu ta ce, "Ku ji sharri! Ta rasa abin cewa." Ko mutum ɗaya bai tambaye shi ba. Na kwashe abin da ya rage mini na koma gidan Yaya Musa.

Ban karaya ba a lokacin, don ina da abin da na riƙe. Na san lafiyata ƙalau, likita ta faɗa mini tun ina amarya. Na ce zan yi aure, in haihu, in goyo ɗana in bi ta ƙofar gidan su Sule a hankali, ko sallama ba zan yi ba. Da wani malamin makaranta da matarsa ta rasu ya fara aiko wa Yaya Musa, sai na ce bari in je a duba ni tukuna, in shiga gidansa gaba gaɗi.

Na sake yankar kati, na sake bin layi. Sista Rahila ta gane ni, ta shigar da ni wurin likitan mata. Ya tambaye ni yadda al'adata take, na ce ɗigo ce ta yini ɗaya, shekaru ke nan. Ya tura ni wani hoto da ake ɗura ruwa a mahaifa, mai ciwo kamar naƙuda, in ji waɗanda suka san naƙuda. Da ya ɗaga hoton a haske, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Wa ya kankare miki mahaifa?"

Na ba shi labarin ɗakin bayan kemis. Ya ce bangon mahaifar ya manne da juna saboda tabo, hanyoyin ƙwai biyun kuma ciwon da ya biyo baya ya toshe su. Akwai aikin da ake yi a manyan asibitoci, amma yadda nawa ya yi nisa, kada in sa rai sosai. Sista Rahila ta raka ni har bakin ƙofa tana riƙe da hannuna, tana cewa, "Sori, Madam, sori." Na gaya wa malamin makaranta gaskiya. Ya yi mini addu'a mai kyau, bai sake aikowa ba.

Don haka ku mata, in an ce ku kawo mazajenku a duba, kada ku sha ko cokali ɗaya na maganin kowa sai an duba su. Kada ku yarda wani ya sa muku ƙarfe a jiki a bayan shago. Ku masu feshi, ku gyara tankunanku, ku rufe jikinku, ku cire jiƙaƙƙen wando, ku bar zuƙar tiyo. Ina gode wa Yaya Musa, da Sista Rahila, da likitocin da suka gaya mini gaskiya ko da ta zo a makare. Sauran kuma na bar su da Allah, ban yafe ba.

Ranar da likita ya ɗaga hoton mahaifata, daga asibitin ban wuce gida ba. Na hau mashin zuwa kasuwa, na tsaya a ƙofar shagon Sule. Ban san abin da nake nema a wurinsa ba, wataƙila so nake mutum ɗaya da ya san gaskiyar tun daga farkonta ya ji ƙarshenta. Na jira ya sallami wani manomi, sannan na gaya masa duk abin da likita ya ce, da wankin da uwarsa ta kai ni, da abin da ya bari a jikina. Ya saurara har na gama. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, fuskarsa ta saki, kamar wanda aka sauke wa buhu.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Kin ga ashe ban yi miki ƙazafi ba."

Ya juya ya tambayi na bayana lita nawa yake so.